Kwana Uku Takalmin Nizamettin Usta Yana Bakin Ƙofa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha takwas ga watan Nuwamba, da hantsi, lasifikar babban masallacin Karabel ta sanar da rasuwar Nizamettin Usta, mai kula da gidan tarihin garinmu, yana da shekara saba'in da huɗu. Ciwon huhu ne, wanda ke jiran duk ma'aikacin masana'antar makamai in sauran haɗurra sun ƙyale shi. Ina durƙushe ina kwance tayar wata motar haya lokacin da ladan ya ambaci sunan. Na ƙarasa kwancewa. Na zare ƙusar da ta huda ta, na yi faci, na ba ta iska, na mayar. Direban ya ce, "Bunyamin, ba mutuminka ba ne?" Na ce shi ne. Ya ce Allah ya ji ƙansa. Na ce amin, na kuma gaya masa tayar baya ma ta kusa.

Usta, yau kwana tara, kuma har yanzu haka nake. Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki. Kowa a garin nan ya san ni da baki, ya san ba a taka ni in yi shiru, amma tun ranar nan na nemi fushina na rasa inda na ajiye shi. Kuka ma bai zo ba. Shi ya sa na ɗauki biro, tunda kai ka saba mini da shi.

Ba zan rubuta cewa ka tafi ba ka bar maƙiyi ba, kamar yadda ake yi wa kowa a wannan shafin na jaridar gari. Ka bar su da yawa, kuma ni ne a gaban layi. A farfajiyar masallaci bayan la'asar, da liman ya juyo ya tambayi jama'a ko sun yafe maka haƙƙinsu, sau uku kamar yadda aka saba, muryoyin da suka amsa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Na taɓa zuwa jana'izar mashayi da aka amsa wa da ƙarfi fiye da haka. Ni ina sahu na biyu, ban buɗe baki ba. Da aka dawo daga maƙabarta, babbar 'yarka Perihan ta fitar da takalminka ta ajiye a bakin ƙofa, don wani mabuƙaci ya ɗauka, kai kuma ka samu lada. A unguwarmu takalmin mamaci ba ya awa guda a waje. Naka ya kwana, ya sake kwana, ya shiga kwana na uku, ruwan sama na dukansa.

Wanda bai san dalili ba ya yi haƙuri, sai na faro daga baya.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, ina ɗan shekara biyar, sashen albarushi na masana'antar ya tashi da mutum goma sha bakwai a safiyar wata Alhamis. Abin da kawai nake tunawa shi ne gilashin tagarmu a cikin kwanon miya. Mahaifina Hikmet yana cikinsu. A lokacin kai ne mai ƙofar sashen, a 'yar rumfar nan da ke can nesa da ginin. Duk mai shiga sai ya tsaya a gabanka ya cire takalminsa, ya zuba duk wani ƙarfe da ke jikinsa a ciki, zobe ne, makulli ne, har da ashana. Kai kuma ka rubuta lambarsa da alli a tafin takalmin, ka sa a gurbinsa a kanta, ka miƙa masa silifar tsumma wadda ba ta da ƙusa ko ɗaya. Ƙusa ɗaya ta gogi daɓe a can ciki, ta isa.

Kashegari iyalai goma sha shida suka karɓo takalman mutanensu daga kantarka. Yawancinsu ba su samu abin da za su wanke su binne ba, takalmin ne kaɗai ya dawo musu gida. Unguwar ma'aikata, ƙofa goma sha shida kowace da takalmi a gabanta. Ƙofarmu babu. Rahoton bincike ya ce gurbi na arba'in da ɗaya, na mahaifina, wayam aka same shi: ya makara, ya kutsa a guje da takalminsa na waje, mai ƙofa bai ankara ba. A ƙasan rahoton akwai sa hannun mai ƙofa.

Maganar kuwa ta shiga kunne, don kowa ya san takalmin. Baƙi ne mai ƙarfe a dunduniya, tun daga kwanar layi ake jin ƙwas ƙwas ɗinsa a san Hikmet ya dawo. Kowa kuma ya san shi da zafin kai da cacar baki da shugabannin aiki. In dai za a nemi wanda za a ɗora wa, ko ni aka tambaya shi zan nuna.

Daga ranar sunana ya koma "ɗan mai takalmi". Mahaifiyata Saadet ta koyi zuwa kasuwa da tsakar rana, lokacin da matan gidajen nan goma sha shida ba sa nan. Kowace shekara idan ranar ta zagayo ana tuƙa alewar sadaka a gidajensu, ƙamshin ya cika layi, faranti ya shiga kowace ƙofa ya tsallake tamu. Ina shekara sha biyar na cire wa wani yaro haƙori biyu saboda sunan, makaranta ta sallame ni.

Ina sha bakwai na fara taka gidan tarihin, kuma ba kallo ya kai ni ba. Na ji an ce an kawo kantar takalman an kafa a ƙarshen zauren, an shafa wa gurbi na arba'in da ɗaya jan fenti, an rataye allo mai gilashi a samansa. Na shiga da ƙarfen kwance taya a cikin riga. Na ɗaga hannu ke nan na ji murya a bayana.

"Kai, ashana, tsaya. Fasawa za ka yi?"

"Fasawa zan yi, tsoho. In ka matso har da kai."

"To fasa. Amma karanta mini shi tukuna, da ƙarfi. Ba a fasa abin da ba a karanta ba, jakuna ke yin haka."

Na karanta, ina tuntuɓe a kowace kalma: "Sakacin mutum ɗaya ya ci rai goma sha bakwai. Ma'aikaci, kula da takalminka."

Ka girgiza kai ka ce, "Tir. Shekara tara a makaranta, ga karatu kamar akuya na hawa bene. Ajiye ƙarfen nan, shayi na kan wuta."

Na ajiye. Har yau in an tambaye ni dalili sai in ce shi ne karo na farko da wani babba a garin nan ya ce in zauna. Na san kai ne mai ƙofar, na san sa hannunka ne a rahoton, amma na ɗauka abin da ka gani ka faɗa. Ina ma jin tausayinka, wai mahaifina ya ja maka abin kunya.

Shekara goma muka yi daga nan. Kai ka fara gane cewa ba daƙiƙi ba ne ni, idona ne ba ya gani. Ka ga ina manna hanci a takarda, ka rufe gidan tarihin da rana tsaka, ka ja ni wurin mai tabarau kana mita duk hanya. Da na fito na ga ashe bishiya ganye ɗai-ɗai gare ta, ka ce, "To, yanzu ba ka da uzuri." Ka buɗe mini ɗakin baya, inda aka jibge littattafan tsohon ɗakin karatun ma'aikata, suna ta shan ƙura. Ba wanda ya gaya mini ana zaɓen littafi, don haka na fara daga kanta ta sama hannun hagu na bi layi. Wata uku ina karanta yadda ake saita injin sassaƙa ƙarfe kafin in kai ga tarihi, daga tarihi na faɗa cikin waƙoƙi ban shirya ba. Kana ganin na rufe littafi sai ka ce, "Me ya ce?" In na faɗa ka ce, "Kai kuma me ka ce?" Kai ka nemo mini aikin faci. Kai ka je ofishin 'yan sanda sau biyu ka fito da ni, karo na biyu ka ja mini kunne a gabansu har suka ji tausayina.

Zagayenka na zauren kuwa na haddace shi. 'Yan makaranta na shigowa sai ka tsaya gaban tsohon hoton nan ka ce, "Garin nan gida goma sha biyu ne da rijiya ɗaya. Sai jirgin ƙasa ya zo, sai masana'anta ta biyo shi, sai yunwa ta kwaso kakanninku daga ko'ina ta zube a nan." Ka bar su su juya hannun tsohuwar jiniya har malamarsu ta toshe kunne, ka ce da ita ake tashi, da ita ake cin abinci, da ita ake sa lokacin ɗaurin aure, liman ma sai ya ji ta yake gyara agogonsa. Akwatunan gilashi na bindigogi, tun daga ta farko da aka ƙera a garin har ta bara, wucewa kake yi da sauri kamar kana gudun kar su gaishe ka. Inda kake daɗewa shi ne wurin kwanonin abincin ma'aikata, masu hawa uku, kowane da sunan mai shi an ƙarce da ƙusa. Ka san matar wane ce ta iya dafa wake, ka san wane ne ke zuwa da kwano wayam yana cin iska a bayan inji don kar a sani. Sai hoton bikin nan, maza goma sha ɗaya sun ɗaga hannu suna rawa. Kullum sai ka ce wa yara su ƙirga yatsun. Casa'in da uku ne, inji ya ci sauran. Yara su yi dariya, daga baya su yi shiru, kai kuma ka wuce.

Mun sha faɗa a kan bindigogin nan. Na taɓa ce maka, "Usta, waɗannan da kake gogewa kullum, ka taɓa tambayar a ƙirjin wa 'yan'uwansu suka ƙare?"

Ka ce, "Ni takalmi nake karɓa, ashana. Manya ke sanin sauran."

Na ce, "Haka kowa ke cewa a garin nan. Wannan ya ce shi noti yake ɗaurewa, wancan ya ce shi fenti yake shafawa. Garin da ba wanda ya taɓa ƙera bindiga, amma jirgi na fita da su kullum."

Ka ce, "Bakinka dai. Da a ƙofata ka zo da bakin nan, da na karɓe shi na sa a gurbi."

Wuri ɗaya ne ba ka tsayawa da baƙi: ƙarshen zauren, gaban kantar. A nan sai ka ce, "Ku karanta da kanku," ka juya ka tafi duba shayi. Amma kowace safiya kai ke goge gilashin allon. Kuma kowace shekara, ranar da alewa ke tsallake ƙofarmu, sai ka rufe gidan tarihin da wuri, ka miƙo mini ƙunshi mai ɗumi ka ce, "Kai wa mahaifiyarka. In ka ce daga ina, na karya ka." Na ɗauka kirki ne. Yanzu duk alherin da ka yi mini sai na kifa shi na duba ƙasansa, in ga me aka rubuta. Wannan ma ka cuce ni da shi, Usta.

Ranar Alhamis, talatin ga Oktoba, bayan la'asar, na biyo ta wurinka na tarar kana zaune a ɗakin baya, numfashinka kamar ana yankan itace da zarto.

Ka ce, "Ashana, hau kujera. Sauko mini da akwatin harsashin nan na saman kabad."

Tsohon akwatin katako ne, na sha ganinsa. Na buɗe na warware jaridar da ke ciki. Baƙin takalmi, ƙarfe a dunduniya, yana ƙyalli kamar jiya aka goge. A tafinsa alli ya dusashe amma ana karantawa: arba'in da ɗaya. A cikin na dama akwai zoben azurfa, da makulli, da kwalin ashana.

Na ce, "Na wane ne?" alhali na sani.

Ka ce, "Ya makara, wannan gaskiya ne. Bakwai saura biyar ya iso yana haki. Ya cire, ya ce mini, 'Yaya Nizamettin, kar ka ɗora na kowa a kan nawa, jiya na goge.' Na ba shi silifa, ya shiga."

Sai ka ci gaba. Ka ce da yammacin ranar wani mai kwat ya zo rumfar, ya daɗe yana kallon kanta, sannan ya ce, "Arba'in da ɗaya wayam yake, ko ba haka ba, Usta?" Ya tambayi lafiyar 'ya'yanka mata uku, kowace da sunanta. Ya tambaya ko gidan masana'anta da kuke ciki yana da daɗin zama. Ya ce ka jefa takalmin a tanderu.

Ka ce, "Ban jefa ba."

Na ce, "To sannu. Lambar yabo kake so?"

Na tambaye ka me ya tayar da wutar, ka ce wallahi ba ka sani ba. An yi ta gaggawar wani aiki a makon, an ce har an daina tsayawa jiƙa daɓe, amma ba ka gani da idonka ba. Abin da ka sani shi ne ba takalmin nan ba ne.

Zan rubuta abin da na ce maka, don na faɗa, kuma shi ne ƙarshen maganata da kai a duniya. Na ce, "Shekara goma kana ba ni shayi da hannun da ya sa hannu. Allah ya sa ka mutu ba kowa a kanka." Na fita. Ko takalmin ban ɗauka ba.

Ba ka mutu kai kaɗai ba, 'ya'yanka na wurin. Yaya Perihan ta kira ni sau biyu daga asibiti, ina kallon wayar tana ƙara har ta gaji.

Abin da ka yi bayan fitata, a bakin mutane na ji. Kashegari Juma'a ka sa takalmin a gurbi na arba'in da ɗaya, ka manna takarda da rubutun hannunka a kan gilashin allon. Bayan an sauko daga masallaci ka dogara sanda ka shiga gidan shayin 'yan fansho, lokacin da ya fi cika, ka tsaya a tsakiya ka karanta musu kwafinta: "Ni Nizamettin, mai ƙofar sashen albarushi, na karɓi takalmin Hikmet da hannuna a safiyar nan. Gurbinsa bai zama wayam ba. Ƙarya na yi, na sa hannu a kanta. Takalmin yana gidan tarihi, mai so ya je ya gani." An ce wani ya wurga maka kofin shayi ya same ka a kafaɗa. An ce ka sunkuya za ka tsince gilashin, mai shagon ya ce ka bari, ka fita kawai. Mutanen da ka yi shekara arba'in kana buga dara da su, ba wanda ya raka ka ƙofa. Bayan kwana uku aka kwantar da kai.

Kada wani ya ɗauka saboda mahaifina garin ya yi fushi da kai. Shekara ashirin da biyu suna da wanda za su tsana, yana nan kusa, matarsa na wucewa ta ƙofarsu, ɗansa na yi musu faci. Kai ka ƙwace musu shi. Yanzu in suna son sanin abin da ya kashe mutanensu sai su ɗaga kai su kalli katangar masana'antar da ke ciyar da rabin garin, kuma ba mai son wannan. Kai ka fi sauƙi. Shi ya sa ko mabaratan ƙofar masallaci aka ja musu kunne, takalminka ya zauna a ruwa.

Ranar Juma'a da safe, kwana uku da binne ka, muna karin kumallo, mahaifiyata ta zuba mini shayi ta ce, "Wai har yanzu takalmin mutumin nan na ƙofa?"

Na ce, "Yana nan. Ya ruɓe a wurin."

Sai ta sa hannu a wuyan rigarta ta zaro zare, ga zoben azurfa a jiki. Ta ce ka zo ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan gidan shayi, ina wurin aiki. Ka tsaya a kan dakali, hula a hannu, ka ce, "Saadet, ƙanwata, mijinki ya cire takalminsa." Ita kuma ta ce maka, "Yaya Nizamettin, ni za ka gaya wa? Mutumin da ke goge takalmin nan da hannun rigarsa ne zai shiga da shi cikin baƙar ƙura? Tun ranar na sani. Mai faɗa ne ban samu ba." Ka miƙa mata zoben da makullin. Makullin ba ya buɗe komai, an canza kwaɗon tun ina ƙarami. Ba ta ce ka shigo ba. Amma ta ce ba ta rufe ƙofa ba sai da ka sha kwana, kuma ka daɗe kafin ka kai kwanar.

Na ce, "Mama, kin yafe masa ke nan?"

Ta ce, "Ban ce ba. Alewar da kake kawowa duk shekara, ka ɗauka ban san ta wane ne ba? Ci nake yi, ban taɓa cewa ta yi daɗi ba." Sannan ta ce, "Na san yadda ake ji a leƙa taga a ga duk layi na kallon ƙofarka. Perihan ba ta sa hannu a komai ba. Lamba nawa kake sawa?"

"Arba'in da uku."

"Shi fa?"

"Ina na sani?"

"To je ka gani."

Na je bayan an sauko Juma'a, layi cike da mutane, don ban ga amfanin yin abin a ɓoye ba. Ɓoye-ɓoyen da aka yi a garin nan ya isa. Ga shi nan a kan dakali, ruwan ƙasa, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe ɗaya saboda yadda kake jan ƙafa, ruwa ya taru a ciki. Na ga labulen taga ya motsa. Na sunkuya ke nan, Tayfun mai shagon tsallake, wanda mahaifinsa ke gurbi na sha biyu, ya ɗaga murya.

"Kai, ɗan Hikmet! Na wannan za ka ɗauka?"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin ya kira ni da sunan ba. Na ce, "Mabuƙaci ake ajiye wa, Tayfun. A gidanmu kuwa an daɗe ana neman takalmi."

Na zubar da ruwan, na sa shi a hammata. Ƙofa ta buɗe, Yaya Perihan ta fito idonta a kumbure ta ce, "Bunyamin, shigo ka sha shayi." Na ce, "Ba yau ba, Yaya." Ta koma ciki ta dawo ta damƙa mini makullin gidan tarihi, ta ce ka ce a ba ni, in na ƙi a jefa mini ta katanga.

Tun daga ranar nake buɗewa da yamma in na tashi daga aiki. Ranar Litinin wani saurayi daga ofishin gari ya zo da jaka a hannu, ya ce takardar da ke kan allon ba ta bi ƙa'ida ba, za a cire, kwamiti zai zauna. Na ce, "Bismillah, cire. Amma karanta mini ita tukuna, da ƙarfi." Ya karanta. Karatunsa ya fi nawa na wancan lokacin nesa ba kusa ba. Ya tsaya yana kallon takalmin, ya ce zai dawo. Bai dawo ba tukuna. Ban san abin da kwamiti zai yanke ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa garin ya sauya ba. Har yau ba wanda ya buga ƙofarmu daga gidajen nan goma sha shida. Mahaifiyata ta zo ta ga takalmin mahaifina, ta sa hannun rigarta ta goge bakinsa, na tambaye ta ko in kai gida mu ajiye a ƙofa kamar yadda ya kamata a yi tun farko. Ta ce a'a, ya daɗe a duhu, a bar shi inda za a gan shi. Jiya da sassafe ta tafi kasuwa, lokacin da ta fi cika.

Naka kuwa na cusa masa jarida na busar a gefen murhu. Arba'in da biyu ne. Yana matsa ni a babban yatsa, kuma ƙafar hagu na karkata ta inda taka ta saba. Shi ne a ƙafata yanzu da nake rubutun nan a ɗakin baya.

Allah ya ji ƙan Nizamettin Usta. Allah ya auna masa tsoronsa na shekara ashirin da biyu da tsayuwarsa ta rana ɗaya a gidan shayi, da ma'aunin rahama ba na adalci ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa masa tambaya, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Allah ya ji ƙan mahaifina Hikmet da sauran goma sha shida da suka shiga da silifar tsumma ba su fito ba, da duk wanda abin da garin nan ya ƙera ya yi ajalinsa a inda ba mu sani ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Perihan da ƙannenta Nermin da Sevgul, da mazajensu da 'ya'yansu. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku ɗaga kai a layinku. Shayin nan zan zo in sha.

Usta, liman ya tambaya sau uku ban amsa ba. Ga amsata, ta makara kamar yadda taka ta makara. Haƙƙin mahaifiyata nata ne, ba ni da iko a kansa. Na mahaifina kuwa yanzu kun fi kusa da juna, sai ku daidaita a can. Nawa, na yafe. Na yafe. Na yafe.